Fashin baƙi: in yaro ya ce ƙasa na juya masa

Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san wasan hajijiya. Yaro ya ware hannuwa ya yi ta juyi a tsakar gida, ya tsaya cak, sai ya ga katanga da randa da akurkin kaji suna zagaye shi, ya yi tangaɗi ya zube yana ƙyaƙyata dariya. Wannan jirin shi ya jawo wa kansa, kuma kafin a ƙirga ashirin ya wuce. Wanda ya dame ni shi ne mai zuwa ba sallama: yaro yana zaune lafiya lau, ko yana hanyar lakwal, ƙasa ta juya masa, ya rasa bakin da zai faɗa. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɓangaren yara a nan Yamai, kuma na lura irin wannan yaron yakan faɗa ɗayan ramuka biyu. Ko dai a ce ƙarancin jini ne, a saya masa siro a farmasi a rufe zancen, ko kuwa a ce iska ce ta taɓa shi. Sau da yawa ba wannan ba ne, ba kuma wancan ba.

Bayanin abin duka yana cikin wasan nan. Bayan dodon kunne, can cikin ƙashin kai, akwai wani ɗan ɗaki da bai kai goro ɗaya girma ba. Gefe guda nasa mai siffar katantanwa shi ke da aikin ji. Ɗaya gefen kuma ƴan bututu uku ne lanƙwasassu cike da ruwa, kowanne ya kalli nasa ɓangaren, ta yadda ko gyaɗa kai ka yi, ko girgiza shi, ko karkata shi wajen kafaɗa, ɗayansu zai ji. Kusa da su akwai ƴan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi kamar garin alli, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa. Ɗauki ƙwarya da ruwa, ka jujjuya ta, sannan ka tsayar. Ƙwarya ta tsaya, ruwan bai tsaya ba. Abin da ke faruwa a kunnen mai wasan hajijiya ke nan: jiki ya tsaya, ruwan kunne yana cewa har yanzu ana juyi.

To amma kunne ba shi kaɗai ke ba da shaida ba. Shaidu uku ne: kunne, da ido, da tafin ƙafa tare da gaɓoɓi masu jin inda jiki ya dogara. Alƙalin da ke sauraronsu ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya. In bakinsu ya zo ɗaya, mutum ya tsaya daram bai ma san ana wani aiki ba. In suka saɓa, jiri ke nan. Shi ya sa yaron da aka ɗora a kan cinya cikin motar Tawa, kansa a sunkuye, tun kafin a kai Doso ya fara amai: ido na cewa a zaune muke, kunne na cewa gudu ake. In shaida ɗaya ya faɗi, biyun sukan riƙe shari'ar. In biyu suka faɗi, ko alƙalin kansa ya samu matsala, tsayuwa takan yi wa mutum wuya. Ku riƙe wannan, don kusan duk gwajin da likita zai yi dabara ce ta rufe bakin shaida ɗaya a ji abin da sauran za su ce.

Wahala ta farko a bakinmu take. Kalmar jiri, ko juwa, ko hajijiya, buhu ce da muke zuba abubuwa daban-daban a ciki. Akwai wanda yake ganin ɗaki na zagayawa. Akwai wanda idonsa ke yin duhu in ya miƙe tsaye, ya ji kamar zai suma. Akwai wanda kansa garau yake, ƙafafunsa ne ba sa bin umarni, yana tafiya yana layi. Akwai kuma wanda tsoro ko damuwa ke sa numfashinsa ya yi sama-sama, ya ji kamar ba a ƙasa yake ba. Na farko ya fi nuna kunne ko ciwon ɓarin kai, na biyu jini da zuciya da ƙishirwa, na uku ƙwaƙwalwar ƙeya ko jijiyoyi. Babba ma da ƙyar yake rarrabewa, balle ɗan shekara uku da bai san kalmar ba. Shi da jikinsa yake magana: ya ƙanƙame zanen uwarsa, ya ƙi sauka daga baya, ya durƙusa ya dafa ƙasa, ya rufe ido gam.

Akwai wata yarinya ƴar shekara uku a unguwar Bukoki da ba na mantawa da ita. Tana cikin wasa da ƴan gwangwanayenta sai ta saki ƙara, ta rarrafo ta riƙe ƙafar uwar, fuskarta ta yi fari fat, gumi ya karyo. Ba ta suma, tana ji tana amsawa. Kafin a ɗebo ruwa ta saki ƙafar ta koma wasanta kamar ba ita ba. Haka take yi sau ɗaya ko biyu a wata. Kakarta ta ce an bi da ita ta bakin bola da magariba. Uban ya ce farfaɗiya ce ke sallama, har ya daina barci. Duk ranar da aka kawo ta asibiti kuwa garau take, tana tsalle a kan benci. Abin da ya warware zancen yayarta ce, ƴar koleji, da ta ɗauki abin a waya. Likita ya kalli bidiyon sau biyu, ya tsayar daidai idon yarinyar, ya nuna mini yadda ƙwayar ke fizga gefe guda tana komowa. Sai ya juya wajen uwar.

"Hajiya, ke kina fama da ciwon ɓarin kai?"

"Wallahi likita, tun ina budurwa. In ya tashi sai na ɗaure kai na shige ɗaki mai duhu."

"Ita kuma in an shiga mota da ita?"

"Ai ba ma zuwa ko'ina da ita sai da leda."

Ya duba kunnenta, ya gwada jinta, ya sa ta yi tafiya da gudu, komai daidai. Abin da ke damunta wani likita a Ostareliya mai suna Basser ya bayyana shi tun 1964: jiri mai zuwa farat ɗaya ga ƙananan yara, galibi ƴan shekara 2 zuwa 4, ya yi ƴan daƙiƙoƙi ko mintoci ya tafi, ba suma, ba kurumta, kuma yakan ɓace da kansa in yaro ya tasa. Ɗan'uwan ciwon ɓarin kai ne, kuma da yawa cikin yaran sukan gaji ciwon kan in sun girma. A 2021 ƙungiyar masana jiri ta duniya, mai ɗauke da sunan Robert Bárány wanda ya ci kyautar Nobel ta 1914 kan binciken wannan sashe na kunne, ta sake tsara ma'aunin gane shi tare da jirin ɓarin kai na yara. Waɗannan biyun suna sahun gaba cikin abubuwan da ke sa yara ganin ɗaki na juyawa. Mutanenmu da yawa ba su san yaro na yin ciwon ɓarin kai ba, balle su san yakan zo da jiri zalla, kan bai ma yi ciwo ba.

Ba na'ura ce ta gano ciwon yarinyar nan ba. Labari ne da bidiyon minti ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan fannin uwa ita ce mai ɗakin. Ina jin takaici in na ga an katse uwa tana tsakar bayani an miƙa mata takardar magani, don amsar tana cikin abin da ba a bari ta ƙarasa ba.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce tsawon lokaci. Jirin daƙiƙoƙi da ke tashi in yaro ya juya a shimfiɗa ko ya ɗaga kai yana nuna ƴan tsakuwoyin nan ne suka ɓalle suka faɗa cikin bututu. Wannan ciwon manya ne, ba kasafai yake kama yaro ba sai in ya bugu a ka, misali ya faɗo daga kabu-kabu ko daga katanga. Jirin da ke ɗaukar mintoci zuwa sa'o'i, yaro na gudun haske da hayaniya, barci ya warkar da shi, ɓarin kai ne. Wanda ya sauko da ƙarfi bayan mura, da amai ba ƙaƙƙautawa, ya kwantar da yaro kwana biyu ko uku sannan ya riƙa sauƙi a hankali, kumburin jijiyar kunne ne. Wanda kuwa ba ya zuwa ya tafi, kullum yana nan kuma kullum gaba yake yi, shi ne ba a kwana da shi. Bayan lokaci sai a tambayi abin da ke tayar da shi, da abin da ke rakiyarsa, da magungunan da yaro ya sha, da watan da ya fara zama da tafiya. Yawancin yara sukan zauna da kansu kafin wata 9, su yi tafiya kafin wata 18. Wanda ya wuce haka, a duba kunnensa, kada a tsaya kan cewa nauyin ƙafa gare shi.

A wurinmu dole likita ya fara da abin da ke kusa. Watan Afrilu da Mayu a Yamai zafi yakan haura digiri 40 kullum. Yarinya ƴar shekara goma sha uku ta fito ba ta karya ba, ta tsaya a layin hawan tuta, ga al'ada ta fara, ga dama jinin ba yawa, ido ya yi duhu ta sulale. Wannan ba kunne ba ne. A duba cikin fatar idonta da tafin hannu, a auna jini da sukari, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a auna bugun zuciya da hawan jini tana kwance, a sake aunawa bayan ta miƙe. Ƙarancin jini gaskiya ne, yana da yawa a yaranmu, abin da nake ƙi shi ne a yanke hukuncinsa ba a auna ba. In kuwa yaro yana suma ne a tsakar gudu ko ƙwallo, ba a tsaye ba, zuciya za a bincika, da gaggawa. Ruwan da ke taruwa bayan dodon kunne bayan mura shi ma yakan sa ƙaramin yaro yawan faɗuwa, ba zafi ba zazzaɓi, sai dai a ga yana ƙara sautin talabijin. Rashin gani sosai ma yakan sa jiri da ciwon kai bayan karatu, tabarau ya raba gardama. Lokacin sanyin Disamba da Janairu kuma, in gida guda suka tashi da jiri da ciwon kai, uwa da yara duka, a tambaya ko an kwana da gawayi a ɗaki a rufe. Hayaƙin da ba ya wari ne, kuma yana kisa.

Sai magani. Kinin yana sa ƙarar kunne da jiri, duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwa da shi ya san haka, ko da yake tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita allurar artesunate ga yaran da zazzaɓi ya yi wa tsanani. Jantamisin allura ce mai ceton jarirai da yara masu tamowa, amma in aka wuce ƙima ko aka daɗe ana yi, tana ƙone sashen daidaito na kunnuwa biyu, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Ba allurar da za a saya wajen mai tebur a yi a gida ba ce. Magungunan farfaɗiya in sun yi yawa a jini sukan sa yaro layi da rawar ido. Shi ya sa nake roƙon iyaye su zo da kwalayen duk abin da yaro ya sha, har jiƙo da turare, ba kunya. Addu'a da tofi ba sa hana auna jini, auna jini ma bai hana addu'a.

Gwajin kansa, mafi yawansa ba ya bukatar wutar lantarki. Likitan kirki tun daga ƙofa yake fara shi, yana kallon yadda yaro ya shigo: ya ware ƙafafu ne kamar mai tafiya cikin kwalekwale, ko yana karkata gefe guda? Sai a sa shi ya bi layin siminti, dunduniya na taɓa yatsa. A sa shi ya haɗe ƙafafu ya rufe ido, gwajin da ke ɗauke da sunan Romberg, likitan Jamus na ƙarni na 19. Nan an rufe bakin ido. A ɗora shi kan katifar soso ya sake rufe idon, nan an rikita shaidar ƙafa ma, saura kunne kaɗai. Mai lafiyayyen kunne zai yi ɗan lilo ya tsaya, wanda nasa ya mutu zai zube nan take, don haka a tsaya kusa da shi. Ɗan shekara biyar ya kamata ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya wajen daƙiƙa goma. A sa shi ya taɓa hancinsa ya taɓa yatsan likita, in hannu na rawa yana wuce wuri, alƙalin ƙeya ake tuhuma. Akwai kuma gwajin da Halmagyi da Curthoys suka bayyana a 1988, wanda na fi so saboda sauƙinsa: likita ya riƙe kan yaro da hannu biyu, ya ce kalli hancina, ya juya kan kaɗan da sauri. In kunne na aiki, ido ba ya barin hancin. In ba ya aiki, ido zai tafi tare da kai sannan ya fizgo ya dawo. Ga jariri, fuskar uwarsa ko abin wasa mai ƙyalli ake sa shi kallo. Daga nan sai leƙa kunne da fitila, da gwajin ji. Kada a sallami yaro mai jiri ba a gwada jinsa ba, don ji da daidaito ɗaki ɗaya suke kwana, abin da ya taɓa ɗaya yakan taɓa ɗayan. In ana bukatar awon ji na na'ura, CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ta tura yaro sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda muke kira ORL, kamar na Babban Asibitin Ƙasa.

Iyaye da yawa, masu hali musamman, da sun ji jiri sai su ce a yi sikana. Yaron da jirinsa ke zuwa ya tafi, tsakani yana garau, gwajinsa duka daidai, hoton kai ba zai ƙara masa komai ba sai kashe kuɗi da haskawar da jikinsa bai bukata. Amma akwai alamun da in an gan su ba a jira wayewar gari. Ciwon kai mai ta da yaro da asuba da amai, yana ƙaruwa mako bayan mako. Tafiyar da ke ƙara lalacewa. Gani biyu-biyu, ko ido ya karkace sabo, ko wuya ya langaɓe gefe. Baki ya karkace, magana ta yi nauyi, hannu ko ƙafa ta mutu. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Kunne mai zubar da mugunya da kumburi a bayansa. Ji ya ɗauke farat ɗaya. Ƙarin ƙwaƙwalwa a yara yakan fi son wajen ƙeya, kuma hoton IRM, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ya fi sikana ganin wurin. Yaro mai sikila, wadda muke ce wa emasi, in ya tashi da layi ko jiri kwatsam, a ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Akwai layin da ke biyo bayan ƙarambau ko zazzaɓin cizon sauro wanda yakan warke cikin makonni, amma likita ne zai faɗi haka bayan ya duba, ba maƙwabta ba.

Ƙwayoyin kwantar da jiri da ake saya ba takarda ba su da wani amfani bayan kwana biyu ko ukun farko. In aka ci gaba da su, suna hana ƙwaƙwalwa koyon aiki da kunnen da ya rage. Yaro ya tashi ya yi motsi ya yi wasa, shi ne maganin. Wani maganin amai kuma, metoclopramide, yakan sa wuyan yaro ya murɗe ido ya kafe sama, a zaci wani sabon ciwo ne.

Na bar sanƙarau a ƙarshe don shi ya fi ci mini rai. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da yake yi wa dirar mikiya duk rani. An ga annobar 1995, an kawo rigakafin nau'in A a 2010, sai ga nau'in C ya ɓarke a 2015, Yamai na cikin inda ya fi tsanani, aka ƙirga kusan mutum 8,500 da suka kamu a ƙasar, sama da 500 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin biyar da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya, ɗaya yakan fita da tabo mai ɗorewa. Kurumta kowa na ganinta. Abin da ba a gani shi ne ciwon da ya cinye katantanwar ji sau da yawa ya haɗa da bututun daidaito da ke maƙwabtaka da ita.

Wani yaro ɗan shekara tara da aka sallama bayan sanƙarau a 2015, uwarsa ta dawo da shi bayan watanni, gwiwoyinsa duk tabo. Ta ce da rana ba laifi, amma da an ɗauke wuta sai ya kama bango, in ya taka rairayi sai ya zube, kuma ya daina hawa keken da ya fi so. Ubansa har dukansa ya yi, a zatonsa sakarci ne. Na ɗora shi kan katifa, na nuna masa da hannu ya rufe ido, ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya faɗo jikina. Da ido da ƙafa yake rayuwa, duhu ya ƙwace masa ɗaya, rairayi ya ƙwace ɗayan. Uban da ya gani da idonsa ya yi shiru, can ya ce, "Malama, ashe ba da gangan yake yi ba."

Irin wannan yaron ana iya taimakonsa sosai, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙwaƙwalwar yaro tana saurin koyo: atisayen kafe ido kan abu ɗaya ana juya kai, tafiya kan layi, tsayuwa kan tabarma sannan kan katifa, jifa da cafe ƙwallo, kullum kaɗan-kaɗan. A gaya wa malaminsa na lakwal ya zaunar da shi gaba, don rubutun allo yakan yi masa rawa in kansa na motsi. A ba shi tocila tasa ta kansa, ya kwana da ita. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa da wuri, cikin makonnin farko, don ƙashi yakan toshe katantanwar in an yi jinkiri, a kuma gwada tsayuwarsa ido rufe a ranar. Abu na ƙarshe da na gaya wa uban nan, na kuma maimaita masa har sau biyu, shi ne maganar kogi. Yaran Yamai in zafi ya yi zafi bakin Isa suke nufa, na Tawa kuma tabki in damina ta sauka. A ƙarƙashin ruwa mai laka ido ba ya gani, ƙafa ba ta taka komai, kunne ne kaɗai ke nuna wa mutum inda sama take. Yaron da nasa ya mutu, ko ya iya iyo, in ya nutsa zai iya yin ƙasa yana zaton sama yake yi, a ruwan da bai wuce ƙirjinsa ba.